Gidan mai kuɗin tagulla a Butte da gidajen kuza na Jos

Duk wanda ya taso a Jos ko Bukuru in ya shigo garin Butte na jihar Montana a nan Amurka, ba sai an gaya masa wane irin gari ba ne, ƙasar ma kaɗai ta isa, tsibin jar ƙasa ko'ina da ramuka da ƙarafan da ake saukar da lebura cikin rami har yau suna tsaye. Mu kuza muka haƙa, su tagulla.

A tsakiyar garin akwai wani gida na jan bulo mai ɗaki 34, William Clark ne ya gina shi tsakanin 1884 da 1888, ɗaya daga cikin attajiran da ake ce ma sarakunan tagulla. Mutumin nan ba waliyyi ba ne fa, a 1899 an zarge shi da sayen ƙuri'un 'yan majalisar jiha don ya zama sanata, har sai da ya ajiye kujerar a 1900, ya sake komawa a 1901. Amma gidan kam ya ginu. Silin ɗin duk zanen hannu ne, tagogi na gilas mai launi, katakon matakala an sassaƙa shi da furanni da tsuntsaye, a can sama kuma ga wani makeken falo na rawa. Har wurin wanka akwai wani keji na bututu da ke feso ma mutum ruwa ta kowane gefe, tun wancan zamanin.

To abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda gidan ya kawo yau. Clark ya mutu a 1925, gidan ya bar hannun iyalinsa, cocin Katolika ta saya mata masu hidimar coci suka zauna a ciki shekaru, sai a 1953 wata mata 'yar garin ta saya, kuma zuri'arta ce ke riƙe da shi har yanzu, suna zagayawa da baƙi, in kana da kuɗi ma ka kama ɗaki ka kwana su ba ka karin kumallo. Kuɗin da ke shigowa shi ake gyara rufi da shi. Shi ko wancan katafaren gidan da Clark ya gina a New York mai ɗaki 121, wanda ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba, a 1927 aka rushe shi, shekara biyu kacal da mutuwarsa, don babu mai zama a ciki. Ni dai a ganina gida mutum ne ke raya shi, wanda zai ji ɗigon ruwa da daddare ya tashi da safe ya kira kafinta.

Yanzu ku duba namu. Gidajen manajojin kamfanonin kuza a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, masu baranda da murhun jin ɗumi saboda sanyin Filato, nawa ne suka rage yadda suke? Wasu an sayar an rushe an yanka filin fuloti fuloti, wasu kuma magada sun kasa jituwa kowa na jiran kasonsa, kwano ya yi tsatsa ciyawa ta cinye. Kuma wallahi na san amsar da za a ba ni, wai gidan Bature ne da ya tatse mu, me za mu yi da shi. Haka ne ya tatse mu, amma wa ya ɗauki dutsen ginin? Wa ya ɗauki ƙasa da kwano a ka daga safe har yamma? Kakanninmu ne da suka zo daga Kano da Katsina da Bauchi da Barno, da 'yan ƙasa Birom da aka ƙwace ma gonaki, da waɗanda aka kamo aikin tilas a 1942 zuwa 1944 lokacin yaƙin duniya, da yawansu sanyi da ciwo suka kashe.

Su ma mutanen Butte ba wai sun yi daidai a komai ba ne, ƙaton ramin Berkeley da aka fara a 1955 ya haɗiye unguwannin lebura irin su Meaderville, gidan maigida ya tsira na talaka ya tafi, yau ramin cike yake da ruwan guba, kamar dai kududdufan kuzar da ke cin yara a wajenmu. Amma sun gina wurin tunawa da mutum 168 da gobarar rami ta kashe a 1917, da sunan kowa a rubuce.

Gida ɗaya tak nake roƙo a Bukuru, a ba wani iyali ko ƙungiyar jikokin 'yan kuza su riƙe, su kwana da baƙi a ciki su samu na gyara, a ware ɗaki guda a ajiye kwanon lebura da diga da shebur da hotuna, a naɗi muryar tsofaffin da suka yi aikin tun suna da rai, don waɗanda suka rage ba su da yawa.