Juriyar aro da juriyar da mutum ya gina da kansa

Mutumin da ke zaune cikin danginsa yakan ɗauka yana da ƙarfin zuciya, alhali rabin ƙarfin nan aro ne. Idan ya kwana biyu bai fito ba, za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Fuskarsa na canjawa wani zai ce, "Yaya, lafiya na gan ka haka?" Mu da ke zaune a ƙasashen waje mun san abin da ke faruwa idan aka ɗauke waɗannan idanu: mutum ya yi mako guda yana kaiwa ƙarfe uku na dare da waya a hannu, labule a rufe, ba mai ce masa uffan. A ganina, wanda ke nesa dole ya maye gurbin idon jama'a da tsari, kuma ƙaramin tsari ya fi daɗewa.

Ka fara da lokacin tashi. Barci ba ya zuwa don an umarce shi, amma tashi yana hannunka. Ka tsayar da lokaci guda har ranakun hutu, kada saɓanin ya wuce awa ɗaya, sannan ka fita ka sha hasken safiya na minti 15 zuwa 20, domin da hasken ne jiki ke saita agogonsa. A arewacin Turai, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, wanda bai fita da safe ba yana iya wuni bai ga rana ba. Baligi na buƙatar barcin awa bakwai aƙalla, kuma kusan rabin sinadarin kofi yana nan a jini bayan awa biyar, saboda haka kofin yamma bashi ne da dare zai biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki minti 150 a mako; tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar ta wadatar. Kuskuren shi ne jiran sai an ji sha'awa, alhali sai ƙafa ta taka hanya kafin zuciya ta saki.

Maganar cewa ɗabi'a na kafuwa a kwana 21 ta karya gwiwar mutane da yawa. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96, ya gano tsaka-tsakin kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Abin da ya fi burge ni a ciki: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mai rushewa shi ne a ce tunda an fasa jiya, shi ke nan. Dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999 tana toshe wannan ɓaraka: ka ɗaura aikin a kan lokaci da wuri. "Zan riƙa motsa jiki" buri ne kawai. "Ina ajiye jakar aiki zan sa takalmi in zagaya unguwa" shi ne ke aiki.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar alhaki, domin ana rikita shi da zargin kai. Ka ajiye littafi da biro kusa da gado, minti biyar, layi uku: me ya faru, wane ɓangare ne nawa, me zan yi gobe kuma ƙarfe nawa. Idan ka ga ka rubuta "ni ba ni da amfani", ka soke, wannan hukunci ne, ba ya nuna abin yi. "Na mayar wa abokin aiki magana cikin fushi, gobe ƙarfe tara zan same shi" ita ce jimlar da ake nema. Daga nan ka samo mutum ɗaya, kira na minti goma a mako, tambayarsa guda: abin da ka ce za ka yi, ka yi? Kada ka zaɓi mai yawan tausayi, kada kuma ka zaɓi mai wa'azi, dukansu za su sa ka fara ɓoye gaskiya.

Ba ina cewa zama cikin dangi ba shi da aibi ba. Idon da ke kula da kai shi ne kuma yake sa ka haɗiye damuwa don kunya, kuma "ka yi haƙuri" sau da yawa rufe zance take yi tun ba a ji ciwon ba. A nan ƙasashen waje kuwa mutane ba sa jin nauyin faɗin abin da ke damunsu, sai dai kowa na gaban kansa.

Tsarin nan yana da iyaka. Idan ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, barci da ci sun rikice, to lokacin ganin likita ya yi. Idan tunanin cutar da kai ya shigo, a ranar za a nemi taimako, ba a jira mako biyun ba.