Wai na kwana a coci

Don na sa hoto ɗaya a gidan hutun mishan na Miango da ke Jihar Filato shi ne wani bawan Allah ya biyo ni da dogon wa'azi, wai ɗan Katsina guda ya je ya kwana a coci. To Malam, an gode, Allah ya ba da lada. Taron aiki ne ya kai mu, kwana uku, kuma sallata ban sha ko ɗaya ba. Wani dattijo mai aikin gidan ma shi ke ajiye min ruwan ɗumi a bakin ƙofa da asuba, don sanyin Filato ba ya raga wa baƙo.

Amma tunda ka tsokano ni, ga abin da ya kamata ya dame ka. Gidan hutun nan Turawan mishan na SIM suka kafa shi tun zamanin mulkin mallaka, kuma har gobe ana kwana cikinsa. Fastoci su zo, matan zumunta su zo, su keɓe da addu'o'insu, su biya kuɗin ɗaki su tafi. Ɗakin da ake kwana ciki, ranar da ya fara yoyo ranar za a sani. Ana kwana, ana gyara. Iyakar sirrin ke nan.

Mu fa? Soron kakanmu a cikin birni, da azararsa da zanen dagi a goshin zaure, kulle shi muka yi muna jiran rabon gado. Damina uku ba yaɓe, ya zauna. Yanzu shagunan cajin waya ne a wurin. Ni ma da hannuna ciki, kasona na karɓa.

Kada wani ya ce min ai su kuɗin Turawa gare su. Yaɓe nawa yake ci? Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, tana nan an mai da ita gidan tarihi. Ku nawa kuka taɓa leƙawa? Hasumiyar Gobarau ma sai mun yi baƙo muke tunawa da ita. Gidan da ba a shiga ai gara ce ke gadonsa.

Af, dankalin da na sayo a hanyar Jos, direba ya ɗora masa jarkar fetur. Uwargida ta ce ko akuya ba za ta ba.