Alfa 0.93 ba ta ce takardar tambayoyinka sahihiya ce ba

Jama'a, ku daina yi wa ɗalibin nan dariya kan shafin kundin digirinsa da ake ta yaɗawa, inda ya rubuta cewa tunda alfa, lambar da ake lissafawa daga amsoshin da aka tattara, ta kai 0.93, takardar tambayoyinsa sahihiya ce, wato tana auna abin da aka ce za ta auna. Abin da aka koya masa ya rubuta, kuma malamai sun karanta sun sa hannu. Ni masu kare jimlar ne suka ɓata min rai, domin a cikinsu har da masu koyar da darasin.

Jimlar kuskure ce ko daga bakin wa ta fito. Alfar da Lee Cronbach ya gabatar a 1951 abu ɗaya take gaya maka: yadda amsoshin tambayoyinka suke tafiya tare. Ba ta san me kake aunawa ba. Ka shirya jarrabawar lissafi da dogayen tambayoyi masu wuyar kalmomi. Yaron da ya iya karatu zai ci yawancinsu, wanda karatu ke ba shi wahala zai faɗi yawancinsu ko da ya iya lissafin, alfa kuwa za ta hau sama. Iya karatu ka auna ka raɗa masa suna lissafi, kuma alfa ba za ta ce maka uffan ba.

Sannan ita kanta lambar ba ta da wuyar kumburawa. A ce matsakaicin alaƙar da ke tsakanin tambayoyinka 0.20 ne, wato mai rauni. Da tambaya 5 alfa za ta tsaya a 0.56. Da tambaya 10 ta zama 0.71. Ka kai su 40, sai ga 0.91. Ko tambaya ɗaya ba ta gyaru ba, yawa kawai ka ƙara, kuma tun 1910 Spearman da Brown suka nuna wannan. Akwai wata hanyar ma: ka yi tambaya ɗaya sau shida kana sauya mata riga, "ina tsoron jarrabawa", "jarrabawa tana ba ni tsoro", "gabana yana faɗuwa idan aka ce jarrabawa". Shi ya sa idan alfa ta haura 0.95 ya kamata ka koma ka duba maimaici kafin ka yi murna.

Na ga masu cewa ai 0.70 ce ƙa'ida, kuma ɗalibin ya wuce ta. Ku koma ga abin da Nunnally, masanin da ake jingina wa wannan ƙa'idar, ya rubuta a 1978. Ya amince da 0.70 ne a farkon bincike, lokacin da ake laluben hanya. Idan hukunci za a yanke kan mutum ɗaya, 0.90 ya sa a matsayin mafi ƙaranci. Dalilin yana cikin lissafi: idan ma'aunin watsuwar maki, wato yadda makin yara yake nisanta daga matsakaici, 10 ne, alfa kuma 0.70, kuskuren awo ya kai kusan maki 5.5. Yaron da ya sami 48, makinsa na gaskiya zai iya kasancewa ko'ina daga 37 zuwa 59. Da wannan za ka ce ya faɗi saboda bai kai 50 ba? Kuma ko Nunnally ɗin, kan daidaiton awo yake magana, bai ce lambar ta tabbatar da sahihanci ba.

Masu cewa haka kowa yake yi kuwa, ba ni da amsar da zan ba su.

Sahihanci hujja ake tara masa. Masana fannin su ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya su gwada su da abin da aka ce za a auna. A zaunar da mutum biyar ko goma irin waɗanda za su amsa, kowa ya karanta da ƙarfi ya faɗi abin da ya fahimta. A nan ne za ka ji tambayar da ka ɗauka a fili take an fahimce ta a baibai. A yi nazarin da ke rarraba tambayoyi rukuni-rukuni, wanda ke son ɗaruruwan masu amsa, mutum 20 ba su isa ba. Idan rukuni uku suka fito, kowane rukuni da tasa alfar. A juya makin tambayoyin da aka rubuta a kore kafin lissafi, in ba haka ba lambar za ta ruguje, har ta iya sauka ƙasa da sifiri. Alfa kuma tana ɗauka cewa kowace tambaya nauyinta ɗaya wajen awo, abin da ba kasafai yake faruwa ba, don haka a duba omega ta McDonald, wata lamba irin alfa da ba ta ɗaukar haka, tana cikin manhajojin JASP da jamovi kyauta. Bayan duk wannan, makin ya nuna alaƙa da wani awo na waje da hankali ya ce ya kamata su tafi tare.

Af, a shafin nan na kuma lura an ba "ban sani ba" maki 3 a ma'aunin Likert mai zaɓi biyar, irin wanda ake zaɓa daga rashin yarda zuwa yarda. Wanda bai san batun ba daban, wanda ya sani ya tsaya a tsakiya daban. Don Allah a ware wa na farkon gurbinsa, a cire shi daga lissafin matsakaici.