Sarauniyar Lugu: ta littafi daban, ta fim daban

Duk sanda aka tayar da zancen Sarauniya Mangu, wadda ake cewa ta tsaya wa Faransawa a garin Lugu, a fadojin shayi na Damagaram, gardama ɗaya ce: wannan ya ce fim ya ɓata littafi, wancan ya ce ai littafin ne ya fara ɓata tarihi. Amma in ka tambayi wa ya karanta littafin, sai kowa ya koma kurɓar shayinsa. Yawanci fim ɗin aka gani, wasu ma guntu-guntu a waya.

Abdoulaye Mamani ne ya rubuta Sarraounia, da Faransanci, aka buga shi a 1980. Ba baƙonmu ba ne. Haifaffen Gudumariya ne, ɗan jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya dawo gida aka ɗaure shi zamanin Kunce. Wanda ya sha wannan gwagwarmaya ba zai ba da labarin zuwan Nasara da sanyin murya ba.

Abin da ya faru sananne ne. A watan Afrilun 1899 rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, wadda ta zo tana ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Isa, ta faɗa wa Lugu a ƙasar Arewa. Mutanen garin suka tsaya da baka da kibiya, da wuta ta yi yawa suka shige kurmi. Takardun Faransawa ba su daɗe a kan wannan faɗa ba. A Lugu kuwa Sarauniya muƙami ne na addinin Azna da ake gado, mai riƙe da shi ta fi kusa da ɗakin tsafi a kan fagen daga. Mamani ne ya ɗora mata kwari da baka, ya ba ta ƙuruciya da magana mai zafi.

To, masu cewa ya yi ƙari ba su yi ƙarya ba. Inda na rabu da su shi ne da suke ɗaukar ƙarin a matsayin laifi. Marubucin ƙagaggen labari ba alƙali ba ne, kuma ba don ƙarin nan ba, da wuya yaron lakwal a Mirya ya san akwai wani gari Lugu. Laifin namu ne da muka riƙa karantar da labarin kamar shi ne tarihin kansa.

Fim ɗin Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. Aiki ne mai kyau, musamman yadda ya nuna Voulet yana zarewa a hankali har sojojinsa suka juya masa baya. Sai dai a Burkina aka ɗauke shi, bayan shirin yinsa a Nijar ya wargaje, Aï Keïta ta fito a Sarauniya, kuma Julanci take yi. Ba'ariya ta buɗe baki, Bahaushe ya koma karanta fassarar Faransanci a ƙasan allo! Wannan ne ƙorafin da ya kamata a ji da ƙarfi, amma shi ne ba a cika yi ba. Wasan dandamali da samari suka yi da labarin ya fi kusa da kunnenmu saboda kiɗa da waƙa, ko da yake rawa ba ta iya ɗaukar duk ta'asar rundunar, wadda ta cinye babban kaso na littafin.

Akwai kuma masu jin zafin an yabi matsafiya, an nuna sarakunan Musulmi ba su taɓuka ba. Na fahimci zafin, amma ba a warkar da shi da rage wa Lugu daraja. A nan Zinder aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Rundunar da ta ƙone Lugu ita ce, bayan mutuwar shugabanninta biyu, ta gwabza da dakarun Damagaram a Tirmini ƙarshen watan Yulin 1899. André Salifou, ɗan garin nan, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarkin Damagaram Tanimun, da wani a kan ƙulle-ƙullen da aka yi wa Faransawa a 1906, wanda Mahamane Bakabé ya mayar fim. Samari nawa ne a Birni da Zango suka taɓa ganinsa?

Kullum ana juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, a loda wa mutum a waya da 'yan dalolinsa. Masu wannan sana'a na da murya da na'ura. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar al'adu ta nemi izinin masu haƙƙin fina-finan nan biyu, a ɗora musu Hausa, a kai su makarantu tare da malamin tarihi da zai nuna wa ɗalibai inda takarda ta tsaya da inda Mamani ya ci gaba.