Yaro Mai Ƙiba da Asma: A Duba Nauyi Kafin a Ƙara Magani

Idan yaro mai asma yana shaƙar maganin sitiroid (mai rage kumburin hanyoyin iska) safe da yamma amma tarin dare bai lafa ba, abin da aka saba shi ne a ƙara masa magani. Ga yaro mai ƙiba, wannan garaje ne.

Wani bincike kan asmar yara mai suna CAMP ya bi yara 1,041 masu asma tsawon shekara 4. Nazarin da aka fitar daga cikinsa a 2011 ya nuna cewa budesonide, wani sitiroid na shaƙa, bai buɗe huhun masu ƙiba kamar yadda ya buɗe na sauran yara ba. Dalilai biyu ne a gaba. Kitsen ciki da na ƙirji yana danne huhu, hanyoyin iska su tsuke, kuma sitiroid ba ya ɗage kitse. Sannan kitsen kansa yana fitar da sinadarai irin su leptin, masu tada wani nau'in kumburi da ba ya jin sitiroid sosai.

Inda ake yin ɓarna shi ne a koma ga ƙwayar prednisolone, sitiroid na haɗiya. Tana ceton rai idan asma ta tashi: miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin yaro, ba a wuce miligiram 40 a rana ga ɗan shekara 6 zuwa 11, na kwana 3 zuwa 5. Amma maimaita ta yana buɗe ciki, yaro ya ƙara teɓa, numfashi ya ƙara ƙunci, a sake komawa kemis. Kada a manta, 'yar uwarta dexamethasone tana cikin ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe".

Kafin likita ya taɓa adadin magani, ya auna tsawo da nauyi a jadawalin shekarun yaron. Ya sa yaron ya shaƙa a gabansa: a girgiza, a sa a bututun shaƙa, fesa ɗaya, numfashi biyar, sannan a kurkure baki. Ya tambayi iyaye game da minshari da ƙwannafi, domin dukansu suna dagula asma. Wani hakin ma na nauyin jiki ne kawai, gwajin hura iska ne zai bambance.

Maganin shaƙa dai ba a dainawa. A rage lemon kwalba da soye-soye, yaro ya samu awa ɗaya ta motsa jiki kullum. In guje-guje na tada masa tari, likita zai iya ba shi salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, ya shaƙa minti 15 kafin ya fita wasa.