Aya Sofiya amana ce a wuyanmu

Duk lokacin da aka ɗora hoton Aya Sofiya ta Istanbul, sai ka ga 'yan uwa suna ta kabbara, ana cewa coci ta koma masallaci. Ni ma na ji daɗi ranar 24 ga Yuli, 2020, da aka sake tsayar da Juma'a a cikinta bayan shekara 86 da mai da ita gidan tarihi. Amma mun tsaya a murna, ba ma tambayar yadda aka yi ginin ya kai yau yana tsaye.

Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina ta. An fara a 532 bayan wata tarzoma ta ƙone cocin da ke wurin, aka gama a 537. Magina biyu masana lissafi, Antimiyus da Isidor, suka ɗora ƙatuwar ƙubba a kan ginshiƙai huɗu. A 558 ƙubbar ta rufta sakamakon girgizar ƙasa, aka sake ɗaga ta a 562. Faɗinta kusan mita 31, tsayinta daga ƙasa ya haura mita 55, ga tagogi 40 a gindinta, har idan rana ta shigo sai ka rantse ba ta jingina da komai ba. Wannan aikin Kiristoci ne, kuma faɗin hakan bai rage imanin kowa ba.

A 1204 mayaƙan Salibiyya, Kiristoci 'yan uwansu, suka wawashe ta. Da Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin a 1453, bai rushe ta ba. Ya mai da ita masallaci, ya ware mata waƙafi. Ku duba mihrabinta, ya ɗan karkata gefe, domin ginin bai fuskanci alƙibla daidai ba. Sun gwammace su karkatar da sahu da su taɓa bango. Da ginin ya fara buɗewa saboda nauyi, babban magini Sinan ya tokare shi da manyan katangu daga waje, ya ƙara hasumiya. Shi ɗin nan daga gare ta ya ɗauki darasi, duk wanda ya kalli masallacin Sulaimaniyya da ya gina zai ga haka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne hotunan bango na Annabi Isa da Nana Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare su. Ba a farfasa su ba, rufe su aka yi. Tsakanin 1847 da 1849 Sultan Abdulmajid ya ɗauko Turawa biyu wa da ƙani, Fosati, suka gyara ginin, suka tsaftace hotunan, suka sake rufewa. A lokacin ne aka rataya manyan allunan nan takwas masu sunan Allah, Manzonsa (SAW), halifofi huɗu, Hasan da Husaini.

Ni dai ba na son a riƙa yi wa Kiristoci gori da ita, shekara fiye da 900 suna ibada a ciki, dole abin ya yi musu ciwo. Kuma yau cunkoso ya yi yawa, a 2022 har tsohuwar ƙofar sarakuna ta samu lahani, ga Istanbul gari ne na girgizar ƙasa. Duk wanda Allah Ya kai shi can, don Allah ya yi sallarsa cikin natsuwa, kada ya kankare bango ko ya ɓalli wani abu da sunan tabarruki.