Ƙannena masu jarrabawar soshiyoloji, hadda kaɗai ba za ta fisshe ku ba

Salamu alaikum ƙannena 'yan ajin farko. Jarrabawar gabatarwar soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, ta ƙarato, kuma wallahi abin da nake gani yana damuna, mutum zai rungumi handawut tun yamma har tsakar dare yana ta nanata ma'anar al'ada da ma'anar matsayi, amma ka ce masa to ba ni misali ɗaya sai ya yi tsuru-tsuru. Dan Allah ku sake lale tun da sauran lokaci.

Eh akwai abin da dole sai an haddace, ban musa ba. Auguste Comte ɗan Faransa shi ake danganta wa raɗa sunan fannin a 1838, sai manyan magabatan fannin, Karl Marx da Emile Durkheim da Max Weber, kuma kar ku manta da Ibn Khaldun wanda ya rasu a 1406, tun kafin su duka ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan jama'a, da yadda dauloli ke tashi su faɗi. Wannan shafi ɗaya ya ishe shi.

Inda makin yake shi ne manyan mahanga ukun nan da ake kallon al'umma da su, kuma nan ne mafi yawanku ke zubewa. Ku ɗauki abu ɗaya da kuka sani, misali makaranta, ku juya ta sau uku. Mai mahangar fankshonalizim zai ce makaranta tana da aikin da take wa al'umma, tana koyar da ilimi da ɗabi'a, Robert Merton, wani masanin wannan ɓangaren, ma ya ƙara da cewa akwai aiki na fili akwai na ɓoye, kamar abokantakar da ake ƙullawa a aji wadda babu wanda ya rubuta ta a manhaja. Mai mahangar rikici, wato ɓangaren su Marx, tambayarsa daban ce, waye ke samun makaranta mai kyau, ɗan wa ake bari a baya, kuma wa ke cin ribar hakan? Shi kuma mai mahangar mu'amala da alamomi aji zai shiga ya zauna ya ga abin da ke faruwa da yaron da malami ya liƙa wa sunan daƙiƙi har shi ma ya yarda haka yake. In ka iya wannan da makaranta to ka gwada da iyali, ka gwada da aikata laifi, ko ta ina lakcara ya ɓullo ba zai same ka a zaune ba.

Haka binciken Durkheim na 1897 kan kisan kai na mutum da kansa, kar ku tsaya a lissafo nau'o'insa huɗu. Ku gane me ya sa ake koyar da shi, ya ga abin ya fi yawa a tsakanin Furotesta fiye da Katolika, da marasa aure fiye da masu aure, sai ya nuna cewa ko abin da muke ɗauka na mutum ne shi kaɗai yana da alaƙa da ƙarfin ɗaurinsa da jama'a. Ni dai a wurina nan ne zuciyar kwas ɗin take.

Sannan babin hanyoyin bincike da kuke tsallakewa don wai ba daɗi, ku koma masa, bambancin takardar tambayoyi da hira da zama cikin mutane ana lura da su ba wuya gare shi ba kuma maki ne a arha.

Ku nemo tsofaffin tambayoyi ku amsa a rubuce da agogo a gabanku, littafi a rufe. Ku lura da kalmar tambaya, in an ce kwatanta Marx da Weber kar ka rubuta tarihin kowa daban ka tashi, ka nuna Marx ya tsaya kan dukiya shi kuma Weber ya haɗo da daraja da iko. Daren jarrabawa kuma ku yi barci dan Allah, bitar shafin sunayen nan da safe ta wadatar. Allah ya ba ku sa'a.